Matilda, kakar sarakunan Jamus da Faransa

Duk wanda ya karanta tarihin Faransa a lakwal ya san sunan Hugues Capet, wanda aka naɗa sarki a shekarar 987. Kaɗan ne suka san cewa mahaifiyarsa Bajamushiya ce, mai suna Hedwig, ƴar Sarauniya Matilda ta ƙasar Saksoni. Masu jera asalin sarakuna sukan bi ta wajen uba, amma a ƙarni na 10 zumuncin da ya riƙe gidajen sarautar Turai ta wajen mata ya bi.

Matilda ta fito daga zuriyar Widukind, jarumin Saksoni da ya daɗe yana yaƙi da Sharlaman kafin ya miƙa wuya a 785. Ta tashi a hannun kakarta, a gidan ibadar mata na Herford. A 909 aka aurar da ita ga Henri, wanda ya zama sarkin Jamus a 919. Suka haifi ƴaƴa biyar: Otto, Gerberga, Hedwig, Henri da Bruno.

A 929 mijinta ya keɓe mata garuruwa, cikinsu har da Kwedlinburg da Nordhausen, domin ta dogara da su in ya riga ta. Da ya rasu a 936, wannan dukiya ta zama abin rigima. Marubutan tarihinta sun ce ƴaƴanta Otto da Henri sun zarge ta da rabar da dukiyar sarauta wajen sadaka da hidimar gidajen ibada, har ta bar fada ta koma ƙasar iyayenta. Surukarta Edita, matar Otto, ita ce ta shiga tsakani aka sasanta. Tushen gardamar kuwa tambaya ɗaya ce: abin da miji ya ba matarsa nata ne ta yi yadda ta so, ko amana ce da za ta koma ga magada?

Ƴaƴanta mata sun kai jinin gidan yamma. Gerberga ta auri Luwi na 4, sarkin Faransa, a 939. Hedwig kuma ta auri Hugues Babba, mafi ƙarfin hakimansa kuma abokin hamayyarsa. Luwi ya rasu a 954, Hugues ya bi shi a 956, sai ƴan'uwan biyu suka zama zawarawa masu riƙon gidaje biyu masu takarar gadon sarauta ɗaya. Ƙanensu Bruno, babban limamin Kirista na birnin Kolon, shi ya riƙa daidaita al'amura tsakaninsu. A 965 dangin suka taru a Kolon, tsohuwar ta ga ɗanta Otto, wanda aka naɗa sarkin sarakuna a Roma a 962, tare da jikanta Loter, sarkin Faransa.

Matilda ta rasu a 968, aka binne ta kusa da mijinta a Kwedlinburg, a gidan ibadar matan da ta kafa. Jikarta kuma takwararta, wadda ta shugabanci gidan tun 966, ita Otto na 3 ya damƙa wa riƙon Jamus a 997 da ya tafi Italiya. Da ɗan Loter, Luwi na 5, ya rasu a 987 ba magaji, sarautar Faransa ta bar gidan Gerberga ta koma gidan Hedwig, ba ta fita daga zuriyar Matilda ba.