Ilmi Da Zamani: In Mudu Ya Cika, Saura Zubewa Ya Ke Yi

Masu aikin ƙididdiga a bankuna da asibitoci da jami'o'i na ƙasashe da dama sun daɗe su na dogara ga wata manhajar kwamfuta mai suna SAS. An ƙirƙiro ta ne a Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka, a ka kuma kafa kamfaninta a cikin shekarar 1976. Duk da ƙarfinta wajen lissafi, akwai wani tarko a cikinta wanda ya sha kama ma'aikata, har da gwanayensu.

A cikin manhajar akwai abin da a ke kira ma'ajin makiro, watau wani ɗan wuri da a ke raɗa wa suna, a zuba rubutu a ciki, a riƙa kiransa duk sa'ad da a ke bukata. Idan ma'aikaci ya so tsamo waɗansu mutane daga babban kundi, ya kan yi amfani da umarnin PROC SQL ya jera lambobinsu, waƙafi na raba su, ya zuba su duka a ma'aji guda. To, amma a SAS 9.4 ma'ajin ba ya ɗaukar fiye da harafi 65,534, kuma kowane waƙafi a cikin lissafin ya ke.

Ga misali. Lambar wayar hannu a Nijeriya alƙaluma 11 ce, da waƙafinta sun zama 12. Ashe ke nan lamba 5,461 kaɗai za su shiga cikakku. Idan jerin na mutum 8,000 ne, 2,539 sun zube. Lalle na'urar ta kan rubuta a shafin bayanan aikinta cewa ta datse jerin, amma wanda idonsa ke kan sakamako kawai ba zai lura ba. In kuwa jerin majinyata ne da za a kira su karɓi magani, waɗanda su ka zube ba za su ji kira ba.

Maganin abin ba shi da wuya. Dogon jeri a cikin tebur ya kamata ya zauna, a haɗa shi da babban kundin kai tsaye. In ya zama tilas a yi amfani da makiro, sai a rarraba jerin a ma'ajai da yawa. Daga ƙarshe a ƙidaya abin da ya shiga da abin da ya fito. Muddin ba su yi daidai ba, kada rahoto ya bar ofis.