Wel da dolfin a gaɓar Kwatano: abin da masu yawon kallo ba sa gani

Daga watan Agusta zuwa Nuwamba, ƙananan jiragen ruwa kan ɗebi baƙi daga Kwatano su shiga teku kallon wel mai doro. Dabba ce mai shayarwa kamar ayu, takan kai mita 15, kuma daga ruwan ƙanƙara na kudancin duniya take tasowa domin ta haihu a ruwan ɗumi na Mashigin Gini. Yawanta ya farfaɗo tun bayan hana farautarta, shi ya sa baƙo kan dawo da hoto da kwanciyar hankali. Kwanciyar hankalin nan ce nake ganin ta yi yawa.

Mutumin garin Maijirgi da ke yankin Maraɗi na da hannu a lamarin, ko bai taɓa ganin teku ba. Shekara da shekaru, har zuwa 2023, kayan 'yan kasuwar Maraɗi ta tashar Kwatano suka riƙa shigowa. Tun 2024 kuma bututun mai na kusan kilomita 2,000 ke kai ɗanyen man Agadem zuwa Seme kusa da Kwatano, inda tankoki ke lodi a cikin ruwa. An tsara shi ya ɗauki ganga 90,000 a rana, wato tanka mai ganga miliyan ɗaya kusan duk kwana 11. Wannan ƙari ne a kan jiragen Legas, Kwatano, Lome da Tema, tashoshi huɗu a jere a gaɓa guda.

Illar waɗannan jirage ta farko ga wel ita ce ƙara. Sauti na tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, ya ninka gudunsa a iska fiye da sau huɗu, kuma da shi uwa ke kiran ɗanta. Rurin farfelar jirgi na danne wannan kira. Ta biyu ita ce karo. Uwa da jariri kan daɗe a saman ruwa suna numfashi, daidai inda jirgi ke bi. Amurka ta taƙaita gudun manyan jirage zuwa kimanin kilomita 18 a awa a wasu sassan gaɓarta tun 2008, saboda gudu ne ke mayar da karo kisa. Gawa sau da yawa nitsewa take, ba ta shiga ƙidayar kowa. Ita kuwa uwar sai bayan shekara biyu ko uku take sake haihuwa.

Halin dolfin mai doro na Atilantika ya fi muni. Ba ya nisa da gaɓa, yawanci a ruwan da bai kai zurfin mita 20 ba yake zaune, daga Yammacin Sahara zuwa Angola. Nan ne kuma masunta ke shimfiɗa ragar roba. In ya sarƙe, numfashi ya gagara, cikin mintoci ya mutu, wani lokaci naman ya ƙare a kasuwa. A 2017 ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta sa shi cikin halittun da ke dab da ƙarewa, bisa ƙiyasin cewa waɗanda suka rage ba su kai 3,000 ba a duk faɗin wannan gaɓa.