Rijiyar zafin ƙasa: wa ke riƙe da birki?

Ran 15 ga watan Nuwamba 2017, ƙasa ta girgiza da ƙarfin 5,4 a Pohang, wani birni na Koriya ta Kudu. Gidaje sun tsage, mutane da dama sun ji rauni, fiye da dubu sun bar muhallinsu. A watan Maris 2019, kwamitin binciken da gwamnati ta naɗa ya bayyana cewa ruwan da aka ɗura cikin rijiyar haƙo zafin ƙasa ne ya tado girgizar.

Ga yadda aikin yake: ana haƙa rijiya mai zurfin kilometir 4 ko 5 har a cimma duwatsu masu zafi, a tura ruwa da matsi mai ƙarfi domin buɗe tsagoginsu. Ruwan ya ɗauko zafi, ya hauro ya juya injin lantarki ko ya ɗumama gidaje, babu hayaƙin gawayi, babu na gazuwal. Amma in ruwan ya riski tsohuwar karayar dutse wadda nauyi ya daɗe yana dannewa, sai ya sassauta ta, ta zame.

Injiniyoyi sun ƙirƙiro tsari irin na fitilar hanya. In motsin ƙasa ƙanƙane ne a ci gaba, in ya ƙaru a rage matsi, in ya kai iyaka a dakata. A 2018, kusa da Helsinki ta Finlanda, an ɗura ruwa kusan metir kub 18 000 a zurfin kilometir 6, kuma girgiza mafi ƙarfi ba ta wuce 1,9 ba.

Sai dai fitilar ita kaɗai ba ta isa. A Basel ta ƙasar Suwis, a Disamba 2006, girgizar 3,4 ta auku bayan an tsaida ɗura ruwan. A Vendenheim, kusa da Strasbourg, hukumomin Faransa sun dakatar da aiki a Disamba 2020, amma ƙasa ta sake motsawa da ƙarfin 3,9 a Yuni 2021. Matsin da ya shiga dutse ba ya jiran sa hannun minista.

A ganinmu, tun ran gini ran zane. Wajibi ne a binciki karayar duwatsu kafin a soma haƙa, a kauce wa manyansu ko da kuɗin aiki zai ƙaru. Na'urorin awon girgiza da ikon tsaida aiki su kasance a hannun hukuma mai zaman kanta, domin ba a ba kura ajiyar nama: kamfanin da ya ci bashi don haƙa rijiya ba zai yi gaggawar rufe ta ba. A riƙa buga sakamakon awon kullum jama'a su gani, a kuma ajiye kuɗin diyya tun farko, kada masu gidaje su shekara da shekaru suna zarya a kotu kamar mutanen Pohang.

Duniya na bukatar wannan makamashi. Kamfanin da ya ƙi waɗannan sharuɗɗa, a hana shi lasisi.