Ƙoshi, ba yunwa ba, ke kashe kifin ado

Da wuya a ga kifin ado da yunwa ta kashe a cikin akwatin gilashi. Wanda ƙoshi ya kashe aka fi gani, kuma galibi wanda ya fi ƙaunarsa a gidan ne sanadi. Da an doso gilashin sai kifin ya taso sama yana buɗe baki, mai kallo ya ɗauka roƙo ne, ya ƙara barbaɗa abinci. Alhali sabo ne kawai: kifin ya gane cewa inuwar mutum da abinci take zuwa.

Kifi ba ya ƙona abinci don ɗumama jikinsa kamar kaza ko akuya, zafin ruwa jikinsa ke bi, saboda haka bukatarsa kaɗan ce. Kifin gwal, wanda aka fara kiwo a ƙasar Sin fiye da shekara 1,000 da suka wuce, ko tumbi ba shi da shi. Daga maƙogwaro abinci sai hanji. Abin da ya ci fiye da kima yakan fita kashi, wanda ya bari ya nitse ya ruɓe. Duka biyun ammoniya suke haifarwa, guba mai ƙona gaɓoɓin numfashin kifi. Bakteriyar da ke zaune cikin matatar ruwa ce ke sarrafa wannan guba ta rage mata illa, kuma ita ma sai da iskar oksijin take aiki. Nan ne mai kifi a Kano ko Sakkwato ya kamata ya fi kowa taka tsantsan: a zafin Afrilu ruwa ba ya riƙe iska sosai, idan kuma aka ɗauke wuta, matata da famfon iska duk su tsaya. A irin wannan rana hana kifi abinci shi ne gata, domin babban kifi mai lafiya yakan yi kwana 2 ko 3 bai ci ba, ba abin da ya same shi.

Irin abincin ma abin dubawa ne. Kifin Betta, ɗan asalin Tailan, ƙwari da tsutsar sauro yake ci a gonakin shinkafa, don haka furotin yake nema. Kifin gwal kuwa yana bukatar ganye a cimarsa. Gutsuren burodin da yara ke jefawa bai dace da ko ɗayansu ba.

Ma'aunin mai sauƙi ne: abin da za su cinye cikin minti 2, sau ɗaya ko biyu a rana. Wuyar ita ce a gida mai yara biyar kowa yana so ya zama shi ya ba su, sai an ɗora aikin a kan mutum guda an ɗaga gwangwanin sama.