A Chinese Ghost Story: Tsohon Fim Ɗin Da Har Yau Bai Tsufa Ba



Duk wanda ya yi zamanin gidajen kallo ya san yadda muke cika benci idan an ce yau fim ɗin Caina za a saka. A makon jiya na sake kallon ɗaya daga cikinsu, A Chinese Ghost Story, wanda aka yi a Hong Kong a 1987. Ching Siu-tung ne ya ba da umarni, Tsui Hark ya shirya. An ciro labarin daga littafin Pu Songling, marubucin da ya rasu a 1715.

Leslie Cheung ya fito a matsayin Ning, talaka mai bin bashi. Ya isa wani gari ruwan sama ya jiƙa littafin bashinsa, tawada ta narke, babu wanda zai biya shi, ba shi da kuɗin masauki. Sai ya tafi kwana a wani kangon gidan bauta a bayan gari. Can ya haɗu da kyakkyawar budurwa, wato Joey Wong, bai san fatalwa ba ce. Wata muguwar aljanar itace mai dogon harshe ce ke bautar da ita, tana sa ta yaudari matafiya domin ta tsotse su.

Abin da ya sa nake ganin fim ɗin ya fi yawancin na yanzu shi ne jaruminsa. Ning bai iya faɗa ba, ga tsoro kamar farar kura. Duk wasan takobi da tashi sama na Wu Ma ne, wanda ya fito a matsayin Yin, mutumin da ya guje wa jama'a saboda ya gaji da halinsu. Amma Ning ne ya yi alkawarin tono tukunyar tokar yarinyar ya mayar da ita garinsu, kuma ya cika. A ƙarshe gari ya waye, ya tare hasken rana da bayansa don kada ya ƙone ta, har ta tafi bai samu damar waiwayawa ya gan ta ba. Wannan fitowar kaɗai ta isa a kalli fim ɗin.

Wasu za su ce aikin ya tsufa, hayaƙi da igiyoyi ne kawai. Gaskiya ne, wasu gawarwakin da ke motsi dariya za su ba yaran yanzu. To amma an sake yin fim ɗin a 2011 da kayan kwamfuta, kuma ni bai taɓa min zuciya kamar na farko ba.

Mu da muke zaune nesa da gida mun san ɗacin isa gari da dare babu wanda ka sani. Duk abin da ya faɗa wa Ning ya samo asali ne daga rashin mai cewa shigo ka kwana.

Sai dai iyaye su kula. Akwai fitowar soyayya da ba ta dace da ƙananan yara ba, akwai kuma aƙidarsu ta sake haihuwar mamaci, wadda ba tamu ba ce. Ku fara kallo ku kaɗai kafin ku yanke hukunci. Wanda ya taɓa ganinsa a gidan kallo kuma, ya faɗa mana wace fitowa ce ta fi tsaya masa a rai.