Baƙunci Kwana Uku Ne, Daga Nan Sai Haƙƙin Maƙwabtaka

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da amincinSa su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. 

Bayan haka, 'yan'uwa, mu nan Sukuntuni da kewayen Kankiya da Kusada, da wuya ka sami zuriyar da ba ta da wani nata a nesa, ko a Maraɗi, ko Yamai, ko Makka, ko Sudan, ko zangunan Gana. Ziyartar waɗannan dangi sada zumunci ne, kuma ibada ce. Abin da nake so mu duba yau shi ne zaman da mai ziyara yake yi bayan ya sauka. Ra'ayina shi ne, wanda ya je wata ƙasa don ya daɗe wurin danginsa, daga rana ta huɗu ya tashi daga matsayin baƙo ya zama ɗan unguwa, kuma duk abin da shari'a ta ɗora wa maƙwabci ya hau kansa.

Dalilina na farko daga sallah yake. A mazhabar Imamu Malik, wadda muka tashi a kanta, matafiyi yana yin ƙasaru, yana mayar da raka'a huɗu biyu. Amma da zarar ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wani gari, hukuncin tafiya ya yanke, sai ya cika sallarsa kamar mutanen garin. Duk ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid ya san wannan mas'ala. Dalili na biyu daga liyafa yake. Ya tabbata cikin hadisin Abu Shuraih, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa haƙƙin baƙo a kan mai masauki kwana uku ne, abin da ya ƙaru sadaka ne, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya jefa mai masaukinsa cikin ƙunci ba. Ka ga ma'auni biyu sun haɗu kusan a wuri guda. To, yaya mutum zai cika sallarsa a matsayin mazauni, amma ya ci gaba da miƙe ƙafa wata biyu yana jiran a kawo masa ruwan alwala?

Bari in ɗauki Gana misali, domin na taɓa yin makonni shida wurin baffana a Sabon Zango da ke birnin Akra. Alaƙarmu da wannan ƙasa tsohuwa ce. Fataucin goro ne ya kai kakanninmu Gwanja, kasuwar Salaga ta cika da Hausawa, kuma bayan yaƙin basasar da aka yi a garin a 1892 suka watsu zuwa wasu garuruwa. Cikinsu akwai Malam Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete Karaci yana limanci da karantarwa har ya rasu a 1934. Sabon Zango kuwa Malam Baƙo ne ya kafa shi a farkon ƙarni na 20, a kan filin da ya samu daga hannun mutanen Ga, masu ƙasar. Kalmar zango kanta tana nufin inda ayari ya yada kaya don ya huta. Waɗanda suka sauka da niyyar hutawa su ne suka gina masallatai da makarantu, suka yi auratayya, har wurin ya zama gida.

Mai ziyara daga Nijeriya yana shiga Gana ba da biza ba, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi izinin kwana 90. Kwana 90 zama ne mai tsawo a gidan da ɗakuna ƙanana ne, tsakar gida da banɗaki na tarayya ne, ruwa kuma sau da yawa saye ake yi. Duk tulun da baƙo ya ƙarar, wani ne ya biya, wani ya ɗauko. Mai masauki ba zai faɗa ba, saboda kunya irin tamu, amma matarsa da 'ya'yansa da aka tayar daga ɗakinsu sun san nauyin.

Saboda haka abu na farko shi ne baƙo ya ɗauki rabonsa na wahalar gida. Ya sa hannu a cefane, ya sayo koko da ƙosai da safe, ya koyi shiga motar haya da suke kira torotoro don kada kullum a bar sana'a a raka shi. Mun san yadda Abdurrahman bin Auf (RA) ya isa Madina ba shi da komai, Sa'ad bin Rabi'i (RA) ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'a ya nemi a nuna masa kasuwa.

Na biyu, ya san mutanen unguwa. Ya riƙe sahu a masallacin da ke kusa, ya gaida limami da dattawa, ya je suna, ya raka gawa, ya duba marar lafiya. Idan yana da ilimi, makarantar allon unguwa tana buƙatar mai biya wa yara. Aya ta 36 cikin Suratun Nisa'i ta haɗa maƙwabci na kusa da na nesa da abokin zama a cikin umarnin kyautatawa, kuma malamai sun bayyana cewa maƙwabcin da ba Musulmi ba ma yana da haƙƙinsa. A Gana wannan darasi na kullum ne, domin ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan kashi 20 ne cikin ɗari. Babban Limamin ƙasar, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya halarci wata majami'ar Katolika a Akra lokacin Ista na 2019, shekarar da ya cika ɗari, don ƙarfafa zaman lafiya.

Na uku, kuma shi ne mafi wuya a gare mu, ya kame harshensa. Hausar zango ba ta bambanta namiji da mace kamar tamu, sai ka ga baƙo yana dariya yana gyara wa dattijon da ya haife shi magana. Wani kuma da ya sauka sai ya buɗe jakar rigingimun gida, ƙabalu da sadalu, ɗariƙa da izala, ya zazzage a masallacin da mutane suka shekara hamsin suna sallah tare. Haka kuma akwai dokokin masu ƙasa. Kowace shekara sarakunan Ga suna hana kiɗa da hayaniya na kimanin wata guda kafin bikinsu na Homowo, kuma mazauna birnin suna kiyayewa. Baƙon da ya ce wannan bai shafe shi ba, shi zai hau mota ya dawo gida, danginsa ne za su zauna da abin da ya shuka. Zaman baƙi a ƙasar wasu abu ne mai rauni. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice daga Gana, 'yan Nijeriya masu yawa suka bar gidaje da shaguna. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi ita ma, cikinsu har da 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya. A irin wannan rana, wanda ya zauna lafiya da maƙwabta shi yake samun mai riƙe masa amanar kayansa.

Wani zai ce, ai mai gida ne da kansa yake hana baƙo taɓa komai, kuma ƙin karɓar karamci raini ne. Gaskiya ne, akwai gidan da miƙa kuɗin cefane zai zama cin fuska. Amma hanyoyin sauƙaƙa wa mutum suna da yawa. Ana iya sayo buhun shinkafa a ce tsaraba ce, ana iya raka yara makaranta, ana iya faɗin ranar komawa tun daga farko don mai gida ya san lissafinsa. Wani kuma zai ce, idan na ga kuskure a addini in yi shiru? Nasiha wajibi ce, sai dai tana da sharaɗi: ka san mas'alar, ka san mutanen, ka bambanta abin da malamai suka yi saɓani a kansa da abin da aka haɗu a kan haramcinsa, sa'annan ka faɗa a keɓe. Wanda ya kwana biyar a gari bai cika waɗannan sharuɗɗa ba tukuna.

Wannan magana ta shafi mai zuwa Makka wurin dangi bayan Umra, da uwar da ta je Ingila jegon 'yarta, da ɗalibin da ya sauka gidan kawunsa a Yamai. Kafin ka ɗaure kaya, ya ɗan'uwa, ka tambayi mai masaukinka sa'o'in aikinsa, da girman gidansa, da abin da mutanen unguwarsu ba sa so. Ka yi niyyar cewa ranar da za ka tafi, maƙwabta su yi wa ɗan'uwanka murna da irin danginsa.

Allah Ya sa mu zama masu sada zumunci da kiyaye haƙƙin maƙwabta, Ya tsare matafiyanmu, Ya dawo da su lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.