Ƙofar Ɗakin Mota A Ƙasar Sanyi

Cikin takardun da su ka iso mana wannan mako akwai ta wani ɗan'uwanmu wanda aiki ya kai shi Winifeg, babban birnin lardin Manitoba a ƙasar Kanada. Ya ce ya sayi gida, ga ɗakin mota haɗe da shi, amma tun da hunturu ya kama ƙofar ta ke gardama, yau ta buɗe, gobe ta ƙi. Maƙwabcinsa kuwa ya ba shi shawara ya sayo sabon sifirin ya sa da kansa, ya huta da biyan ma'aikaci. Ya na tambaya ko ya bi wannan shawara. Amsarmu, Malam, kada ka kuskura. Za mu ɗan tsawaita, domin waɗanda ba su taɓa ganin irin ƙofar ba su ma su fahimta.

Ba irin ƙyauren da mu ka saba da shi ba ce. Falle-falle a ke yin ta, huɗu ko biyar, a haɗa da hinji, ta riƙa hawa kan ƙananan tayoyi cikin kwarin ƙarfe har ta kwanta ƙarƙashin rufi. Wani Ba'amurke, C. G. Johnson, shi ya ƙago ta a 1921, a 1926 kuma ya ƙara mata injin lantarki. Wadda a ke yi wa motoci biyu faɗinta ƙafa 16, tsayinta ƙafa 7, nauyinta kuwa ya kan kai kilo 100. Mutane su na tsammani injin ke ɗaga wannan nauyi. Ba haka ba ne. Sifirin ɗin da a ka murɗe jikin sandar ƙarfe bisa ƙofar, shi ke ɗauke da kusan dukan nauyin. Injin ja kawai ya ke yi, kamar yaro da akalar raƙumi.

To, ƙarfin da ya isa ya ɗaga kilo 100 ya isa ya karya hannu ko muƙamuƙi. Ma'aikata da sanduna biyu na musamman su ke murɗa shi, kwata-kwata, su na ƙidaya, fuskarsu a gefe. Wanda ya soka sukudireba a madadin sandar, in ta zame, sai asibiti. Haka kuma ƙarafan nan biyu na kusurwar ƙofa daga ƙasa, inda igiyoyin ƙarfe su ke ɗaure, ba a kwance su, don ƙarfin sifirin duk a kansu ya ke. Sifirin na yau da kullum an yi shi ne ya jure buɗewa da rufewa kamar sau 10,000, watau gidan da ke buɗe ƙofa sau huɗu a yini zai cinye shi wajen shekara bakwai. Tsatsa ta na gaggauta ajalinsa, ya kan kuwa zaɓi tsakiyar sanyi ya tsinke, da ƙara kamar an harba bindiga. In biyu ne, a sake su tare, gama tsararrakin juna ne.

Amma mu a ganinmu, Malam, sifirinka bai tsinke ba. Wanda ya tsinke ba ya yarda yau ya ƙi gobe, kullum ƙi ya ke yi, ka na ma iya ganin giɓin da idonka. Abin da mu ka fi zato shi ne ƙanƙara. Mota ta kan shigo da dusar ƙanƙara a tayoyinta, ta narke, ruwan ya gangara bakin ƙofa. Cikin dare ma'auni ya sauka zuwa 30 ƙasa da sifili, abin da ba baƙo ba ne a Winifeg cikin Janairu, sai robar da ke gindin ƙofa ta manne da daɓen siminti. Kai kuwa da safe ka na sauri, ka yi ta danna maɓalli, injin ya yi ta ja, har ya yage robar, ko ya lanƙwasa fallen sama, ko ya cinye haƙoransa. In ta ƙi sau ɗaya, ka tsaya. Zuba ruwan ɗumi a bakin, ka ɗaga, sa'an nan ka share ruwan ƙaƙaf tun bai daskare ba, ka fesa wa robar man silikon. Gishirin da a ke watsa wa hanyoyi, wanda mota ke kwasowa, shi ma a riƙa wanke shi daga fallen ƙasa, don shi ke cin ƙarfe da igiyoyin.

Sauran aikin da mai gida zai iya da hannunsa, wurinsa watan Oktoba ne, tun sanyi bai sauko ba. A goge tsohon giris, don ya kan daskare ya zama kamar danƙo, a sa mai mara kauri a hinji da tayoyi da jikin sifirin. Kwarin ƙarfen gogewa kawai ya ke so, ba mai ba. Sa'an nan a rufe ƙofa, a ja jan igiyar nan da ke raba ta da inji, a ɗaga da hannu zuwa rabi, a saki. In ta tsaya, lafiya. In ta faɗo, a kira ma'aikaci. Kada dai a ja igiyar ƙofa na sama in a na shakkar sifirin, sai ta rufto gaba ɗaya. Akwai kuma idanun lantarki biyu kusa da ƙasa, waɗanda ke mayar da ƙofa sama in yaro ya gifta. A Amurka doka ta wajabta irin wannan kariya ga injunan da a ka ƙera tun daga 1993. Raɓa ko dusar ƙanƙara in ta rufe su, ƙofa ta kan ƙi rufuwa, tsumma kawai ke maganinta.

Batun sabuwar ƙofa, ba mu ga ya kamata a yi gaggawa ba. Falle ɗaya in ya lalace a na sake shi kaɗai. Sai in tsatsa ta huda ƙasan, ko ta katako ce ta sha ruwa ta kumbura, nan kuɗin gyara ya zama asara. Mai saye ya nemi ta ƙarfe ciki da waje, mai kumfar foliyuretan a tsakiya, wadda ta fi mai farin soso tare sanyi, musamman in akwai ɗakin kwana bisa ɗakin motar. Masu liƙa wa tsohuwar ƙofa soso da kansu su sani sun ƙara mata nauyi, dole a sake daidaita sifirin.

Saura abu guda wanda ba ka tambaya ba. Ƙofar da ta tare sanyi da kyau ta na tare hayaƙi da kyau. Kada ka ta da mota ka bar ta ta yi ɗumi a ciki, ko da ƙofar na buɗe, gama iskar gubar da ke fita daga salansa ba ta da launi ba ta da wari, ta kan kuwa sulale cikin gida inda iyali ke barci. Fitar da motar waje ta yi ɗuminta can, ka kuma sayi na'urar da ke ƙara in ta ji wannan iska, ka kafa ta kusa da ɗakunan kwana.